Shekarar Takunkumi

A tarihin ƙungiyarmu babu shekarar da ta gwada mu kamar 2020. Korona ta ɓulla a Legas ƙarshen Fabrairu, ta iso Kano a Afrilu, azumi ya same mu a kulle. Sana'a ta tsaya, zubin adashe ya gagara.

Rediyo na ta gargaɗi, amma mutane cewa suke, "Ai ciwon masu kuɗi ne." Gidajen da aka rubuta "ba shiga" kuwa, sai mu mata. Muka ɗinka takunkumi da ragowar atamfa, muka haɗa sabulu. Duk ranar da aka sassauta doka, muna bi gida-gida muna koyar da wanke hannu, kamar yadda matan rigakafin shan-inna suka saba. Da allura ta iso a Maris 2021, waɗannan gidajen ne suka fara tambayarmu inda ake yi.