Wasantar da Ayyukan Yau da Kullum don Rage Jarabar Gem: Nazari daga Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Maƙalar ta duba dabarar sanya maki da gasa cikin ayyukan yau da kullum domin janye matasa daga jarabar wasannin bidiyo. Ta auna binciken masana halayyar ɗan'adam da al'adun aiki na ƙasar Kabi, ta kuma kafa hujjar cewa tsarin gayya ya fi manhajar waya dacewa.

Gabatarwa

A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kundin cututtuka na ICD-11, wanda ya ƙunshi jarabar gem, ya kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Ana cewa mutum ya kamu idan ya kasa kame kansa, ya fifita wasan a kan sauran lamuransa, ya ci gaba duk da illar da yake gani, galibi na tsawon wata 12. Ke nan ba duk yaron da ya yini a shagon PlayStation, ko ya ƙarar da data a Free Fire, ne mara lafiya ba.

A 2021 Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa 3 a mako. Da wuya irin wannan doka ta yi tasiri a gidan da wa da ƙane ke karɓa-karɓar waya guda.

Raunin Manhaja

Tun gwaje-gwajen masanin halayyar ɗan'adam B. F. Skinner aka san cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi riƙe mai nema. A kan wannan aka gina gem da yawa. Manhajoji irin su Habitica, wadda ta fito a 2013, sun ari salon: ka yi wanki ko bitar karatu, a ba ka maki, ka hau mataki. Sai dai manhajar tana zaune cikin wayar da ake son yaron ya ajiye. Ga kuma abin da Edward Deci ya gano a 1971, Lepper da abokansa suka ƙarfafa a 1973: lada daga waje yana iya kashe sha'awar da mutum ke yi wa aiki. Ran da maki ya tsaya, aikin ma yana iya tsayawa.

Gayya da Su

Manoman Kabi sun daɗe da sanin yadda ake mayar da wahala wasa. A gayya samari kan jeru, kowa da kunyarsa, makaɗi na zuga wanda ya wuce gaba, 'yan mata na guɗa. Ladan kirari ne a gaban jama'a, ba wata lamba da ke ɓoye a aljihu ba.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya fi ban sha'awa ga mai nazari. Masuncin da ya faɗa kogin Matan Fada da homa da gora bai san ko giwan ruwa zai kama ko zai fito hannu rabbana ba. Rashin tabbas ɗin da ke riƙe ɗan gem ke nan. Bambancin shi ne gasar tana da lokacin tashi, ana auna kifi a bainar jama'a, kowa ya watse. Yawancin gem na intanet kuwa da gangan aka hana su ƙarshe.

Shawara

Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin unguwa na iya gwada tsarin da ba ya buƙatar waya: a raba yara rukuni-rukuni, a rubuta makinsu a allon bango kan hadda, shara ko ban-ruwan shinkafa a fadama, a rufe zagaye duk Alhamis, a soma sabo daga sifili. Makin na rukuni ne, domin gasar ɗaiɗaiku takan kunyata na baya, shi kuwa wanda aka kunyata wayarsa zai koma. Yaron da alamomin jarabar nan uku da aka ambata a gabatarwa suka tabbata a kansa, sai a haɗa masa da ganin likitan ƙwaƙwalwa.