Daga Ƙwayar Sha'ir Zuwa Miligiram: Tarihin Awon Magani a Ɗakin Jinya

Duk wanda ya duba kwalin asfirin na Ingila zai ga an rubuta miligiram 300, a na Amurka kuwa 325. Maganin ɗaya ne, kuma lambobin biyu gadon tsohon awo ɗaya ne, wato giren biyar. Giren guda ya kai miligiram 64.8, biyar ke nan 324. Ingila ta rage zuwa 300, Amurka ta cike zuwa 325. Haka ma ƙwayoyin kodin da fenobabiton da ke zuwa a miligiram 15 da 30 da 60: rubu'in giren ne, da rabinsa, da giren guda.

Asalin giren nauyin ƙwayar sha'ir ɗaya ne, kuma a kansa masu harhaɗa magunguna na Turai suka gina awonsu tsawon ƙarnoni. Giren 60 diram ɗaya, diram 8 oza ɗaya, oza 12 laba ɗaya. Likita kan rubuta adadin da lambobin Rumawa, sannan alamar diram da ta oza kusan iri ɗaya ne, ƙugiya guda ce ta raba su. Idan alƙalami ya zame ko tawada ta dusashe, majiyyaci na iya shan ninki takwas na abin da aka nufa.

Maganin ruwa ya fi wannan rikici, domin da ɗigo ake ƙirga shi. Ɗigon ruwa da na mai ba girmansu ɗaya ba, bakin kwalba ma yana canja shi. Shi ya sa a 1809 ƙungiyar likitocin Landan ta shigo da awon minim, 60 a cikin diram na ruwa, don a daina dogaro da karkatar hannu.

Muddin saiwa da ɓawo ake dafawa, ɗan ƙari ko ragi bai cika kisa nan take ba. Abin ya canja da masana suka fara tace zallar sinadarin: Sertürner ya fitar da mofin daga ofiyam a farkon ƙarni na 19, Pelletier da Caventou suka fitar da kwinin a Faris a 1820. A 1853 Alexander Wood na Edinbara ya soma tura mofin ƙarƙashin fata da sirinji mai allura. Daga nan magani ya yi ƙarfi, awonsa ya ƙanƙance, kuma abin da ya shiga jiki ta allura ba a amayar da shi. Shekara bakwai bayan haka makarantar Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas da ke Landan, aikin jinya ya fara zama sana'ar da ake koya, lissafin magani kuma ya shiga cikin karatun sannu a hankali.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, allurar mofin ɗaya aiki ce mai matakai. Nas za ta kunna 'yar fitilar sifirit, ta tafasa ruwa a cokali, ta zuƙi adadin da take so a sirinjin gilashi da aka dafa, ta narkar da 'yar ƙwayar mofin a ciki. Idan likita ya rubuta sudusin giren alhali ƙwayar da ke kabad ta rubu'i ce, sai ta narkar da ita a minim 24, ta zubar da 8, ta ba da 16. Ƙa'idar da ta bi ita ce ake koya wa ɗaliban jinya har yau: abin da ake so, a raba da abin da ke hannu, a ninka da yawan ruwan.

Yara su suka fi shan wahalar ƙiyasi. A 1813 Thomas Young ya kawo ƙa'idarsa: shekarun yaro a raba da shekarun haɗe da 12. Ɗan shekara huɗu zai sami huɗu cikin 16, rubu'in awon babba. Wata ƙa'idar, ta Clark, ta koma ga nauyi, laba a raba da 150. Dukansu sun ɗauki yaro a matsayin babban da aka rage wa tsawo. A ƙarshen shekarun 1950 aka ga illar wannan zato a asibitocin Amurka, inda jarirai, musamman bakwaini, da aka ba kuloramfenikol suka riƙa kumburin ciki, fatarsu ta koma launin toka, da yawa suka rasu. Hantar jariri ba ta ƙosa ta sarrafa maganin ba, sai ya taru a jini. Tun daga nan awon jarirai ya zama fanni mai zaman kansa, ana duba nauyi da kwanakin haihuwa da ƙarfin hanta da ƙoda.

Faransa ta wajabta awon giram da lita tun 1840, shi ya sa asibitocin Nijar suka taso da shi, yayin da na Najeriya suka gaji giren da minim daga Ingila. Ita Ingilar sai a 1969 ta mayar da rubuta magani da bayar da shi zuwa miligiram da mililita, cokalin roba na mililita 5 ya maye gurbin cokalin shayi. Lokacin sauyin ma ya zo da nasa haɗarin, domin "gr" na giren da "g" na giram harafi ɗaya ya raba su, tazarar awonsu kuwa ta haura ninki 15.

Sabon awon ya sauƙaƙa lissafi, amma ya ɗora rai a kan ɗigon alƙalami. Idan aka rubuta .5 ɗigon bai fito ba, ya zama 5, 1.0 ya zama 10. Harafin U da ake sa wa insulin, idan aka rubuta shi da gaggawa, yakan yi kama da sifili, 10 ta koma 100, mai ciwon suga ya suma. A 1999 rahoton Cibiyar Likitanci ta Amurka ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu, ciki har da na magani. A 2004 hukumar tantance asibitocin ƙasar ta haramta waɗannan gajerun rubuce-rubuce. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage mummunar cutarwar magani da rabi cikin shekara biyar, ta ce kurakuran suna cin kusan dala biliyan 42 a shekara. Tambayoyi biyar kuma sun zama ruwan dare a makarantun jinya: majiyyacin shi ne, maganin shi ne, awon daidai ne, hanyar daidai ce, lokacin ya yi?

Awon bai daina canjawa ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara ƙa'idar allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, cutar da ke cika ɗakunan yara daga Kano zuwa Maraɗi kowace damina. Babba yana karɓar miligiram 2.4 a kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba yana buƙatar 3, domin bincike ya nuna awon manya ba ya isarsa. Yarinya mai kilo 12 tana buƙatar miligiram 36, wato mililita 3.6 na ruwan da aka haɗa a kan miligiram 10 cikin kowace mililita. Nas ɗin da ke tsaye a kanta ba za ta iya wannan lissafi ba sai an ɗora yarinyar a sikeli, kuma abin takaici ne a ce akwai ɗakin jinyar yaran da har yau da ido ake ƙiyasta nauyi saboda sikelin ya lalace ba a gyara ba.