Daga Bagaruwa Zuwa Kuromiyam: Tarihin Jima a Taƙaice

Duk wanda ya tsaya gaban baduku a Nima ko Maamobi, ya ga takalma da jakunkuna da kuben wuƙa, yana kallon ƙarshen wani dogon aiki ne da ake kira jima. Mai yin sa shi ne majemi, wurin aikin kuwa majema. Tun zamanin fatauci, majeman Kano da Sakkwato da bagaruwa suke jeme fatar jan akuya, wadda ayari ke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko.

A 1797 wani masanin sinadarai na Faransa, Louis-Nicolas Vauquelin, ya gano sabon ƙarfe a cikin wani jan dutse na Saberiya. Saboda yawan launukan gishirinsa aka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin launi, wato kuromiyam, alamarsa Cr. A 1858 Friedrich Knapp na Jamus ya nuna cewa gishirin nan yana jeme fata, sannan a 1884 Augustus Schultz ya yi wa hanyarsa rajista a Amurka. Aikin makonni ya koma na kwana guda. Da wannan sinadari masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai suke aiki a Kano.

Kuromiyam yana ɗaukar caji iri-iri, don haka rubuta gishirinsa sai da lissafi. Ƙa'idar ita ce jimillar caji ta tashi sifili. Na jima yana da +3, salfet kuma -2. Biyu na farko sun ba da +6, uku na biyu sun ba da -6, sai a rubuta Cr₂(SO₄)₃. Haka ake samun CrCl₃ da Cr₂O₃. Idan cajin +2 ne, sai ya zama CrCl₂.

A wannan lamba hatsarin yake. Mai +3 bai cika cutarwa ba, amma mai +6, kamar wanda ke cikin K₂Cr₂O₇, guba ne da ke haddasa ciwon daji, kuma na farkon kan iya rikiɗewa ya koma na biyun. Ruwan dattin masana'antu yana gangarawa kogin Challawa, inda manoman rani ke ban ruwa. Ɗalibin da ya iya karanta alamar ya san abin da ya kamata a auna a ruwan nan.