Tarihin Gidan Wasa na La Scala a Birnin Milan da Matsayin 'Yan Kallo a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

A wajen nazarin wasan kwaikwayo mun saba mu mai da hankali ga marubuci da jigo da 'yan wasa, mu ƙyale ginin da ake yin wasan a cikinsa, sai ka ce shi ba shi da ta cewa. A wannan takarda muna so mu karkata ga ginin. Mun ɗauki gida guda, watau La Scala na birnin Milan a arewacin ƙasar Italiya, wanda aka buɗe a shekarar 1778 kuma har yanzu ana wasa a cikinsa. Tambayar da za mu bi ita ce, gidan nan na wane ne? Na waɗanda suka gina shi, ko na mai mulkin gari, ko kuwa na talakan da ya biya kuɗin shiga mafi ƙanƙanta?

Ya kamata tun da farko mu faɗi irin wasan da ake yi a nan. Sunansa opera, wasan kwaikwayo ne wanda zancen cikinsa duk rera shi ake yi, ƙungiyar makaɗa tana biye, kuma bisa al'ada mawaƙi da maƙogwaronsa kaɗai zai cika zauren, ba da na'urar ƙara murya ba. Mu a ƙasar Hausa mun san bambancin makaɗin fada, mai ubangida guda, da makaɗin jama'a, wanda duk mai yi masa kari ubangidansa ne. Wannan bambanci zai taimaka mana wajen fahimtar abin da zai biyo baya.

2.0 Kafuwar Gidan

A watan Fabrairu na 1776 gobara ta cinye tsohon gidan wasa na Milan, wanda yake cikin harabar fada. A lokacin nan Milan tana ƙarƙashin mulkin Ostiriya, Sarauniya Mariya Tereza ke bisa gado, ɗanta Fardinan kuma shi ne gwamnan garin. Manyan gidajen sarauta da attajirai, waɗanda ke da ɗakunan kallo nasu na kansu a tsohon gidan, su suka nemi izinin gina sabo, suka kuma ɗauki nauyin kuɗin aikin, bisa sharaɗin kowane gida zai mallaki ɗakinsa a sabon ginin. Aka ba su filin wata tsohuwar majami'a, Santa Mariya alla Scala, wadda matar mai mulkin Milan, Regina della Scala, ta gina a 1381. Aka rushe majami'ar, sunanta ya bi filin. Magini Piermarini ya tsara ginin, aka gama cikin shekara biyu, aka buɗe ranar 3 ga Agusta 1778 da wani wasa na Antoniyo Saliyeri.

Kalmar scala a harshen Italiya tana nufin tsani, ko da yake a nan sunan dangin matar ne kawai. Amma sunan ya dace da ginin. Zauren yana da siffar kofaton doki, hawa shida ne a kewaye, huɗu na ƙananan ɗakunan kallo, biyu na can ƙoli benaye ne masu kujeru a jere. Sai dai wannan tsani, iyakar hawanka iyakar talaucinka.

Ɗakin kallo dukiya ce kamar gona. Ana gadonsa, ana sayar da shi, ana ba da shi haya. Mai ɗaki shi ke ƙawata abinsa yadda ya ga dama, yana kuma da wani ɗan lungu a baya inda barorinsa ke haɗa masa abinci. Fitilun zauren suna kunne tun daga farko har ƙarshe, domin mutane sun zo ne a gan su kamar yadda suka zo su gani. Ana hira, ana ziyartar juna, ana ƙulla aure da ciniki, sai in an zo wata waƙa da ake so a yi shiru na ɗan lokaci. A babban falon waje kuwa caca ake yi, kuma na wani zamani ribar cacar tana cikin abin da ke riƙe da gidan. Ƙasan zauren, inda a yau kujeru mafi tsada suke, a da yawanci tsaye ake yi, wani lokaci ma a mai da shi filin rawa. Saboda haka a wannan mataki amsar tambayarmu ba ta da wuya, gidan na masu ɗaki ne.

3.0 Zamanin Verdi

A ƙarni na 19 gidan ya zama inda ake gwada sababbin wasanni na Rosini da Belini da Donizeti. Amma sunan da ya fi manne masa shi ne na Verdi. A nan aka yi wasansa na farko a 1839. Na biyu, a 1840, wasan barkwanci ne wanda ya rubuta bayan mutuwa ta ɗauke masa 'ya'yansa biyu, matarsa kuma ta rasu yana cikin rubuta shi. 'Yan kallo suka ƙi shi, aka janye shi bayan dare ɗaya tak. Na uku, Nabucco, mai ba da labarin bautar da Banu Isra'ila suka yi a Babila, aka fara shi ranar 9 ga Maris 1842, shi ne ya ɗaukaka shi.

A nan akwai wani zance da ya kamata mu yi hattara da shi. An daɗe ana cewa a daren nan mutanen Milan sun ji waƙar bayin da ke cikin wasan, suka ga kansu a ƙarƙashin Ostiriya, suka tashi suka nemi a maimaita ta. Labari ne mai daɗi, amma masu bincike da suka koma ga jaridun lokacin sun nuna cewa wata waƙa ce dabam aka maimaita. Matsayin da waƙar bayin ta samu na zama muryar 'yancin Italiya daga baya ne ta same shi, bayan haɗewar ƙasar a 1861. Ya tabbata sosai a 1901, sa'ad da mawaƙa fiye da 800 suka rera ta a wajen rakiyar gawar Verdi. Mun tsaya a kan wannan ne domin ya nuna yadda jama'a suke mallakar gidan wasa ta wata hanyar da ba ta kuɗi ba, watau ta hanyar labarin da suke bayarwa game da shi.

Shi kansa Verdi ba kullum yake shiri da gidan ba. Bayan 1845 ya yi fushi da yadda ake sakaci da wasanninsa, ya fi shekara 20 bai kawo musu sabon aiki ba. Wasansa Aida a Alƙahira aka fara yin sa a Disamba 1871, sa'an nan La Scala ta nuna shi a Fabrairu 1872. Wasanninsa biyu na ƙarshe, Otello a 1887 da Falstaff a 1893, duk a nan aka buɗe su.

4.0 Toskanini da Ƙwace Gidan daga Masu Ɗaki

An sa wa gidan wutar lantarki a 1883, amma canji na ainihi ya zo ne ta hanyar rashin kuɗi. A 1897 majalisar gari ta janye tallafin da take bayarwa, bisa hujjar cewa bai kamata harajin talakawa ya tafi ga nishaɗin masu hali ba. Aka rufe gidan. Da aka sake buɗewa a Disamba 1898, sai aka ɗauko wani saurayi ɗan shekara 31, Arturo Toskanini, aka ba shi jagorancin makaɗa.

Dokokin da ya kawo a yau sun zama kamar ba komai ba, amma a lokacin yaƙi ne. Ya sa a riƙa kashe fitilun zaure in an fara wasa. Ya sa mata masu zama a ƙasa su cire manyan hulunansu. Ya hana a riƙa tsai da wasa domin maimaita waƙa, har ma a 1903, da 'yan kallo suka matsa sai an maimaita, ya ajiye sandarsa ya bar gidan, bai komo ba sai bayan shekara uku. Abin da yake nufi shi ne, wanda ya shigo ya zo ne domin aikin da ke bisa dandamali, ko ɗan sarki ne ko ɗan tela. A 1921 aka mai da gidan hukuma mai zaman kanta, Toskanini na jagorantar wasanninta, kuma cikin shekarun 1920 aka karɓe ɗakunan daga hannun iyalan da suka gaje su tun kaka da kakanni, aka riƙa sayar da kujerunsu ga kowa.

Ba a daɗe ba wani mai son mallaka ya ɓullo, watau gwamnatin Musolini. Toskanini ya ƙi yarda a riƙa buɗe wasa da taken jam'iyyar. Ya bar La Scala a 1929, a 1931 kuma 'yan bangar jam'iyya suka mare shi a birnin Bolonya saboda wannan ƙiyawa, ya daina aiki a Italiya.

A daren 15 ga Agusta 1943 jiragen yaƙin Ingila suka jefa wa Milan bama-bamai, rufin zauren ya rufta. Da yaƙi ya ƙare garin yana cikin ɓaraguzai, dubban mutane ba su da wurin kwana, amma duk da haka hukumar gari ta sa gyaran La Scala a sahun gaba. Ana iya yin gardama a kan dacewar wannan, mu ma da muna wurin mai yiwuwa ne mu yi. Abin da ya faru dai shi ne, ranar 11 ga Mayu 1946 Toskanini ya komo daga Amurka yana da shekara 79, ya jagoranci kiɗan buɗewa, aka kafa lasifikoki a dandalin babbar majami'ar gari, jama'a suka cika wurin suna saurare. Mako uku bayan haka Italiya ta yi ƙuri'ar kawar da sarauta.

5.0 'Yan Bene

Duk cikin waɗannan canje-canje akwai ƙungiya guda da ba ta taɓa mallakar ko tubali ɗaya a ginin ba, amma ita kowa ke tsoro. Su ne masu zama a benaye biyu na ƙoli, wurin da ake kira loggione. Da yawansu sun haddace wasannin, sun ji mawaƙa goma sun rera waƙa guda, suna iya gane wanda ya kauce ko da ƙiris. In sun ji daɗi sukan yi tafi har a gaji, in ba su ji ba sai ihu da fito. Sun yi wa Madama Butterfly ta Puccini ihu a darenta na farko a 1904, ga shi kuwa a yau tana cikin wasannin da aka fi nunawa a duniya, wanda ya nuna su ma sukan yi kuskure. Sun yi wa Pavarotti a 1992, duk da shahararsa. A Disamba 2006 suka yi wa Roberto Alanya a tsakiyar Aida, ya fice daga dandamali, mai jiran gado ya shigo da tufafinsa na gida ya ƙarasa.

Tun 1951 ake buɗe kakar wasanni ranar 7 ga Disamba, ranar bikin Ambrozo, waliyyin garin a wurin Kiristocin Milan. Daren nan ya zama ma'aunin siyasar ƙasar. A 1968 ɗalibai suka tsaya a ƙofa suna jifan masu shiga da ƙwai. A 2023, bayan an gama taken ƙasa, wani ɗan bene ya ɗaga murya ya yi kirarin adawa da aƙidar Musolini, 'yan sanda suka nemi takardun shaidarsa, zancen ya cika jaridu kwana da kwanaki. Batun kuɗi ma bai kwanta ba. Tun 1997 gidauniya ce ke riƙe da gidan, magajin gari na shugabanta, kuɗinta na zuwa daga gwamnati da kamfanoni da cinikin tikiti. A 2019 hukumar gidauniyar ta mayar wa Saudiyya kuɗin da ta fara bayarwa, ta ƙi ba ministanta kujera a cikinta, bayan surutu ya yi yawa.

6.0 Gidan a Yau

Wanda ya fito daga dandalin babbar majami'a, ya ratsa rufaffiyar kasuwar nan mai rufin gilashi, zai faɗa wani ƙaramin dandali mai mutum-mutumin Liyonado da Binci a tsakiya. Ofishin magajin gari na gefe guda, La Scala na fuskantarsa. Mu dai da muka fara ganinta sai da muka tambaya ko ita ce, domin fuskar ginin ba ta da wani kwarjini. An tsara ta ne tun tana bakin wani siririn titi, da rumfar da kekunan doki ke shiga su sauke iyayengijinsu. Daga baya ana hango sababbin gine-gine waɗanda magini Mariyo Bota ya ƙara a babban gyaran da aka yi daga 2002 zuwa 2004, lokacin da aka rushe bayan dandamali aka sake shi. Mutanen Milan sun yi ta jayayya a kan wannan ƙari. Aka sake buɗewa ranar 7 ga Disamba 2004 da wasan Saliyeri na 1778.

Da rana ana shiga ta gidan tarihi, wanda aka kafa a 1913, inda aka ajiye tsofaffin kayan kiɗa da hotunan mawaƙa da wasu kayayyakin Verdi. In ba a gwajin wasa, akan bar mai ziyara ya leƙa zauren daga ɗaya daga cikin ɗakunan kallo. A nan ne kwarjinin yake, jan karammiski da ruwan zinariya hawa bisa hawa, ga babbar fitila mai rassa a rataye, ga ɗakin sarki yana fuskantar dandamali, shugaban ƙasa ke zama a ciki in ya zo. Zauren yana ɗaukar mutum wajen 2,000. A gaban kujeru akwai ƙananan allunan lantarki masu nuna kalmomin waƙa.

Kujerar ƙasa a daren buɗe kaka takan haura Yuro 2,000, amma ana nuna wasan kyauta a wurare da dama cikin gari, har da kurkukun San Bitore, kuma akwai daren da aka keɓe wa matasa 'yan ƙasa da shekara 30 kafin ranar. Haka nan ana ajiye wasu kujerun bene masu araha waɗanda ba a sayarwa sai ranar wasa. Irinsu muka saya. Muka rubuta suna, muka komo aka kira, muka shiga ta ƙofar gefe, muka hau matakala har numfashi ya soma gaza mana. Daga inda aka zaunar da mu kusan rabin dandamalin ba ya ganuwa sai mutum ya miƙe ya leƙa, amma murya tana isowa tangaram. Wata dattijuwa da ke kusa da mu ba ta ko leƙa ba, idonta a rufe ta saurari kashi na farko duka, leɓɓanta suna bin mawaƙin, sai can wajen ƙarshe ta buɗe ido ta girgiza kai.