Karas da Ƙaras-ƙaras: Tarihin Wata Kalmar Aro

Sau da yawa akan ji ana cewa Bahaushe ya raɗa wa karas suna ne daga ƙarar da yake yi a baki, wato ƙaras-ƙaras ko garas-garas. Zancen yana da daɗin ji, amma tarihin tsiron da na kalmar ba su goyi bayansa ba.

Masana sun fi karkata ga cewa an fara noman karas don saiwarsa ne a yankin Farisa da Afganistan, wajejen ƙarni na 10. Na wancan zamani shunayya ne ko rawaya. Larabawa, waɗanda ke kiransa jazar, su suka kai shi Andalus, inda Ibn al-Awwam ya yi bayaninsa a littafinsa na noma a ƙarni na 12. Irin mai ruwan lemo da ya cika kasuwanni ya bunƙasa ne a hannun manoman Holan a ƙarni na 17. Labarin da ake yaɗawa cewa sun yi haka don girmama gidan sarautarsu ba shi da wata ƙwaƙƙwarar hujja.

Abin lura a nan shi ne, duk da daɗewar cinikin Sahara da ɗimbin kalmomin Larabci da ya bari, jazar ba ita ta zauna a bakin Hausawa ba. Sunan da ya zauna na Turawan mulki ne. A Nijeriya an ce karas, daga Ingilishi. A Nijar kuwa akan ji karoti, daga Faransanci. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta ratsa har cikin sunan kayan lambu.

Sigar jam'i aka aro, wato carrots, kamar yadda aka yi wa silifas. Hausa ba ta ƙare kalma da baƙi biyu a jere, don haka /t/ ta faɗi, /s/ ta tsaya, sannan aka ɗauki kalmar a matsayin tilo: karas ɗaya, ba a ganin wani aibu.

To, ina amsa-kama ta shigo? Galibin sunayen Hausa na asali da wasali suke ƙarewa, amma amsa-kama ta saba ƙarewa da baƙi, musamman /s/, kamar a tiɓis da ƙurmus. Saboda haka da karas ta iso, sai ta tarar da ƙirar da kunne ya riga ya sani, ta dace da abin da haƙori ke ji kuma. Wannan dacewa ce ta haifi wancan hasashe, mai yiwuwa ita ce kuma ta hana a liƙa wa kalmar wasali a ƙarshe, yadda aka yi wa kabeji. Sai dai /k/ daban, /ƙ/ daban, kamar a kafa da ƙafa. Rubutun da ke watsi da lanƙwasa, irin na tsofaffin keken rubutu, shi ya ƙara haɗe kalmomin biyu a idon mai karatu.