Daga inuwar sanda zuwa agogon miliyan 25: tarihin agogo a ƙasarmu



A watan Oktoba na 2024 kamfanin Patek Philippe na ƙasar Suwizalan ya fito da wani sabon agogon hannu mai suna Cubitus. Wanda aka yi da baƙin ƙarfe zalla, ba zinari ba azurfa, kuɗinsa ya haura dalar Amurka dubu 40, wato kusan miliyan 25 na sefa. Da na faɗa ma wani dattijo wannan labari a bakin kasuwa, sai ya yi shiru, can ya ce: "To shi wanga agogo, rana yaka tsaidawa?" Aka yi dariya. Amma tambayar tsohon ta sa na koma baya, na duba yadda agogo ya shigo ƙasarmu da abin da ya zame mana.

Kakanninmu ba su rasa sanin lokaci ba don ba su da agogo. Ranarsu a yanke take da sunayenta: asuba, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, almuru, lisha. Cikin dare ana duban Zara da Gamzaki, ana sauraren carar zakara. Ladan kuwa inuwa ce ma'auninsa. Kamar yadda malamanmu ke karantarwa a Risala, idan rana ta gota tsakiyar sama inuwa ta fara ƙaruwa, azahar ta shiga. Idan inuwar sanda ta kai tsawon sandar, ban da ragowar inuwar rana tsaka, lokacin la'asar ya yi. Manomin Magiya bai taɓa makara gona ba don rashin ƙarfe a hannu.

Ita kanta kalmar "agogo" baƙuwa ce. Daga Yarbanci muka aro ta, inda take nufin ƙararrawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ta inda abin ya biyo: daga bakin teku, ta hannun fatake. Nasara kuma da ya kafa mulkinsa ya zo da lokacin ofis, na lakwal da na soja. Shi ya sa masu agogon farko a garuruwanmu su ne na kusa da shi: tafinta, mushe, malamin asibiti, tsohon soja, sai sarki da wani babban attajiri.

Abin da ya kai agogo hannun talaka shi ne bida. Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce, damina ɗaya, gero ba kullum yake kai iyali wata damina ba. Tun da daɗewa samari kan tafi cin rani da an gama girbi. A shekarun 1960 da 1970 hanya ta buɗe sosai: Abijan na cikin arziƙin koko da gahawa zamanin Houphouët-Boigny, Najeriya kuma kuɗin man fetur sun fara zuba. Ƴaƴan Tama, Ƙarofane, Tamaske da Ibohamane suka bazu Ajame, Ikko, Kano da Sakkwato, wasu na dako, wasu na ga-ruwa, wasu na tallar koli. Da yawansu ma agoguna da tabarau suke yawon saidawa. Idan damina ta ƙarato suka dawo, abu uku ake dubawa: rediyo, keke da agogo. Su ne shaidar cewa tafiya ta yi kyau. Alhazai su ma sukan riƙo nasu tsarabar Makka.

Wanda ya yi zamanin bai manta sunayen ba. Akwai Seiko 5, da Japanawa suka fara yi a 1963, wanda ba ya son batir, motsin hannu ke tafiyar da shi. Akwai Orient da Citizen. Sai uban tafiya, Rado, musamman samfurin DiaStar na 1962 wanda jikinsa ba ya ƙarcewa; wannan na manyan alhazai ne. Sau nawa muka ji ana ba da labarin wanda aka tambaya "ƙarfe nawa?" sai ya miƙa hannu ya ce "duba da kanka", don bai iya karanta shi ba? Ba abin dariya ba ne kaɗai. Yana nuna cewa tun farko ba don lokaci muka sayi agogo ba. Ladan na nan, rana na nan. Daraja muka saya. Daga nan ne ma ya samu wuri cikin kayan lefe.

Sai dai akwai abu na biyu da muke mantawa: agogon iyayenmu ajiya ne. Abu ne mai tsada, mai ƙarko, wanda ake gyarawa kuma ake iya saidawa. An ga amfanin haka a 1984. Damina ta ƙi, Najeriya ta kori baƙi a 1983, sannan gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka a 1984, ba a sake buɗe ta ba sai 1986, abin da ya sa mutanenmu suka laƙaba ma yunwar suna El Buhari. A shekarar ce aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da taimakon Italiya da FAO, inda mata da yawa suka ɗauki duwatsu a biya su da abinci. Gidajen da suka saida bisashe suka ƙare, sai aka koma kan rediyo, keke da agogo. A gidanmu ma haka aka yi. Baba ya kwance Seiko ɗinsa da ya zo da shi daga Abijan ya tafi da shi kasuwa, ya dawo da hatsi bisa jaki. Har ya rasu bai sake ɗaura wani ba, kuma ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

A daidai wannan lokaci can waje duniyar agogo na juyawa. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar dutsen kwaz, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a Japan. Cikin ƴan shekaru wannan fasaha ta yi arha har ta kusa kashe masana'antar Suwizalan: ma'aikatanta sun faɗo daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. A 1989 Casio ya fito da F-91W, ɗan baƙin agogon roba mai ƙara da ƴar fitila, wanda kusan duk ɗan lakwal ya sani. Karyewar sefa a watan Janairu 1994, da ta ninka kuɗin kayan waje, ta ƙara tura mutane ga mai arha. Daga 2001 salula ta fara bazuwa a Nijar, ta zo da agogo a cikinta kyauta. Masu gyaran agogo da ke zama da ɗan tebur da gilashi a ido suka fara watsewa, wasu suka koma gyaran waya.

To yaya Suwizalan ta tsira? Ta gane abin da ɗan Adar ya daɗe da sani: mutum ba lokaci yake saye ba, suna yake saye. Ta daina gasa da Casio wajen daidai, ta koma saida aikin hannu, tarihi da ƙarancin kaya. Shi ya sa a watan Nuwamba 2019 aka yi gwanjon wani Patek Philippe a Janeba a kan faran miliyan 31 na Suwizalan, alhali agogon jikka biyu ya fi shi riƙe lokaci daidai.

Nan ne nake son mu tsaya, ƴan uwa. Yau kasuwanninmu cike suke da agoguna masu walƙiya, an rubuta Rolex ko Rado, jabu ne ƙarara. Yaro ya sha ranar Libiya ko ƙurar ramin zinari a Jado, ya dawo ya zuba gumin nasa ga agogo, waya da takalmi don a ce ya samu. Iyayen amarya kuma na ƙirga agoguna cikin akwati. Ado ba laifi ba ne, iyayenmu ma sun yi. Bambancin shi ne nasu adon yana da mafita ranar wuya. Na yanzu, kai shi kasuwa ka ji: ko tiya biyu ta gero ba a ba ka.

Ana yi ma agogo kirari da sarkin aiki. Kafin ɗan bida ya kwance kuɗinsa bana, ya tambayi kansa: abin nan da zan saya, in damina ta ƙi, aikin mi zai yi ma gidanmu?

Wanda har yanzu yake da agogon mahaifinsa a ajiye, ya sa mana hotonsa tare da labarin inda aka sayo shi. Allah ya jiƙan magabata, ya maido da matafiyanmu lafiya.