Daga Wayar Tangarahu Zuwa Allon Arduino

Ɗalibin da ya haɗa ɗan allon Arduino da ma'aunin zafi, ya zauna yana duban alƙaluma suna zubowa bisa fuskar kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, haƙiƙa yana bin wata al'ada ce wadda ta girmi kwamfuta da shekaru masu yawa, ko da yake galibi ba a sanar da shi hakan a makaranta.

Asalin al'amarin yana ga ma'abota tangarahu. A shekarar 1874 wani Bafaranshe, Émile Baudot, ya sami hatimin mallakar wata dabara ta mayar da kowane harafi alamomi 5, waɗanda ake turawa bi da bi ta waya guda, domin kuwa shimfiɗa wayoyi da yawa tsakanin birni da birni abu ne mai cin dukiya. A 1960 ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka ta tsayar da ƙa'idar RS-232 ta irin wannan turawa bi da bi, wadda kwamfutoci suka gada daga baya. Sharaɗinta mai sauƙi ne, amma ba ta yafe saɓani: wajibi ne mai aikawa da mai karɓa su yi ittifaƙi a kan sauri, alal misali alamomi 9600, wato kimanin haruffa 960 cikin daƙiƙa, in kuwa suka saɓa, sai a ga allo ya cika da tarkacen alamomi marasa ma'ana, kamar rubutun da ruwa ya taɓa.

Sa'ad da Massimo Banzi da abokan aikinsa suka fito da Arduino a 2005 a Ivrea ta ƙasar Italiya, garin da kamfanin Olivetti ya daɗe yana ƙera keken rubutu, a kan aikin Hernando Barragán mai suna Wiring suka ɗora gininsu, kuma allunansu na farko da tsohuwar mahaɗar RS-232 suka zo. To, a lokacin kwamfutoci sun fara yin watsi da ita saboda USB, wadda ta bayyana a 1996. Maimakon a sake rubuta manhajoji daga tushe, sai aka dasa wani ɗan guntu bisa allon wanda ke sa kwamfuta ta zaci tsohuwar mahaɗa ce aka kawo mata. A ganina wannan hila ta fi cancantar yabo bisa ga yawancin abubuwan da ake wa lakabin sabuwar fasaha.

Da aka sami wannan ƙofa, sauran ya zo da sauƙi. A 2015 aka ƙara wa manhajar Arduino sashen Serial Plotter, mai mayar da alƙaluma zanen layi mai hawa da sauka. Yau kuwa, a manhajoji irin su Tinkercad da Wokwi, allon da ma'aunin da igiyar duk na kwaikwayo ne, har ɗalibin da bai mallaki ko ɗaya ba yana iya jan ma'aunin zafi sama da yatsansa, ya ga layin ya tashi, alhali sai da ya rubuta 9600 a cikin umarninsa tukuna.